HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: TARIHIN MADUBIN SAITIN BINDIGAR FARAUTA

Yau dai mu ɗan ajiye labarin masoya a gefe, tarihi na zo muku da shi, kuma abin da ya sa na shiga tonon wannan tarihi wata 'yar kunya ce da na sha a kan sana'ata.

A cikin wani littafina da ya fito shekarun baya, akwai wani jarumi ɗan masu da shi da na ce ya fita farauta da bindigar da ya sayo a Turai, mai madubin hangen nesa a gadon bayanta. Don in burge mai karatu sai na ce madubin nan yana jawo abu har ninki 50, wai kuma da shi gogan naka ya harbo barewa tana tsala gudu, a cikin kurmi, gab da magariba, yana tsaye bisa ƙafafunsa. Littafi ya shiga kasuwa ya yi ciniki daidai gwargwado, ba wanda ya ce mini kanzil. Sai wata rana ina zaune a rumfar wani mai sayar da littattafai a Kano, wani dattijo tsohon soja da ke zuwa saya wa 'ya'yansa mata littattafai ya ji an kira sunana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe kai ne? Yaro, ka taɓa kara idonka a madubin bindiga kuwa?" Na ce, "A'a Baba." Ya ce, "Ai na ga alama. Da irin madubin da ka ba yaron nan, ko giwa ce ta gifta ta gabansa ba zai same ta a ciki ba, balle barewa. Ganye kawai zai yi ta gani yana rawa."

Jama'a suka bushe da dariya, ni kuma na yi yaƙe, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan madubi, ga kuma abin da na samo.

Kafin mu yi nisa bari in fayyace abin da ake nufi da ninki. Madubin saiti wani bututu ne mai jerin gilasai a ciki, ana ɗaura shi a saman bindiga. In ka leƙa za ka ga siraran layuka biyu sun gicciye juna, inda suka haɗu nan ake so harsashi ya sauka. A jikinsa akan rubuta lambobi, alal misali 4x32. Lamba ta farko ita ce ninkin jawowa, wato dabbar da ke nisan mita 200 za ka gan ta tamkar tana mita 50. Ta biyun kuwa faɗin gilashin gaba ne da ma'aunin milimita. In ka ga an rubuta 3-9x40, to mai murɗawa ne, yana tashi daga ninki 3 har zuwa 9. Duk wanda bai sani ba zai ɗauka, kamar yadda ni ma na ɗauka, cewa wanda ya fi jawowa shi ya fi kyau. To bari mu ga abin da tarihi ya ce.

DAGA TAURARI ZUWA BINDIGA

A shekarar 1608 wani mai haɗa tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, ana ce da shi Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta yi masa rajistar wani bututu mai gilashi biyu da ke jawo abin da ke nesa. Shekara na zagayowa Galileo na Italiya ya ƙera nasa, ya ɗaga shi sama yana duban wata da taurari. Sai dai hange daban, saiti daban. Kana iya ganin abu raɗau, amma ba ka da wata alama a cikin madubin da za ka ɗora a kansa.

Wanda ya warware wannan wani saurayi ne ɗan Ingila mai nazarin taurari, William Gascoigne. Wajen shekarar 1640 gizo-gizo ya shiga cikin bututun madubinsa ya yi saƙa, zaren kuma ya faɗo daidai wurin da hoton ke haɗuwa. Da ya leƙa sai ya ga zaren tar, tare da abin da yake kallo can nesa. Ka ji asalin gicciyen layin nan da kake gani a finafinai. Gizo dai ko a tatsuniyarmu ba a rasa hannunsa a cikin lamari. Shi Gascoigne bai yi tsawon rai ba, an kashe shi a yaƙin basasar Ingila a 1644, amma zaren gizo-gizo ya ci gaba da aiki a cikin na'urorin awo da na saiti har cikin ƙarni na 20.

An daɗe ainun kafin madubin ya hau kan bindiga. A 1776 wani mai zanen hotuna a Amurka, Charles Willson Peale, wanda ya shahara da zana hoton Janar George Washington, ya gwada ɗaura madubin hange a kan bindigarsa. Abin da ya hana gwajin tafiya shi ne shuri. Duk bindiga in ta tashi sai ta yi shuri ta baya, shi kuwa madubin taurari sai ka manna ido a jikinsa kake gani. Yana danna kunama, bakin bututun ya dawo masa a fuska. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Har gobe wannan matsala tana nan, shi ya sa ake ƙera madubin farauta yadda za ka gani sosai alhali idonka na nesa da gilashin da kamar santimita 8 zuwa 10. Kuma a yawancin masu murɗawa, gwargwadon yadda ka ƙara ninki gwargwadon yadda wannan tazara ke raguwa. Mafarauta da yawa na ɗauke da tabo mai siffar jinjirin wata a saman gira saboda haka.

Sai a shekarun 1840 aka sami madubin da ya amsa sunansa, lokacin da wani injiniya John Chapman da wani maƙerin bindigogi Morgan James na garin Utica a jihar Nuyok suka haɗa kai. A 1855 kuma William Malcolm na garin Syracuse ya soma ƙera nasa don kasuwa. Waɗannan madubai siraran bututu ne, tsawonsu ya kusa kai na hancin bindigar gaba ɗaya, wasu na jawowa ninki 3, wasu har 20. Ka ga ashe babban ninki ba sabon abu ba ne, da shi ma aka fara. Amma fa duhu gare su, kuma abin da kake gani a ciki ɗan mitsitsi ne, kamar mai leƙen tsakar gida ta kafar makulli. Sun dace da wanda zai kwanta ya kafa bindiga a kan matokari ya harbi abin da ke tsaye cik da rana tsaka. Da irinsu wasu gwanayen harbi suka yi aiki a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

ABIN DA YA FARU DA ƁAUNAR AMURKA

Bayan wannan yaƙi aka shiga babi mafi muni a tarihin harbi daga nesa. A filayen tsakiyar Amurka akwai wata irin ɓauna mai tozo da gashi buzu-buzu, wadda masana suka ƙiyasta yawanta ya taɓa kai miliyan 30. A farkon shekarun 1870 majema suka gano yadda za su jeme fatarta ta zama ƙirgi mai ƙwari, masana'antu kuma na neman bel ɗin juya injuna, ga layin dogo ya ratsa filayen. Sai mutane suka yi ca a kan dabbar nan.

Yadda suke yi shi ne, mutum zai zagaya ta inda iska ba za ta kai wa garken warinsa ba, ya zauna nisan yadi 200 ko 300, ya ɗora babbar bindigarsa ƙirar Sharps a kan sanduna biyu da ya gicciya. Wasu da ƙarfen saiti kawai suke aiki, wasu kuma da dogon madubin nan. Zai fara kayar da uwar garke, sauran su ruɗe su yi cirko-cirko, ba su ga kowa ba, ba su ji warin kowa ba. Haka zai yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya har hancin bindiga ya yi zafi, a feɗe fata a bar nama ya ruɓe a fili. Zuwa 1889, da wani masanin dabbobi William Hornaday ya yi lissafi, abin da ya rage a nahiyar duka bai wuce 1,000 da 'yan kai ba. Ƙabilun asali irin su Lakota da Cheyenne da Comanche, waɗanda cinsu da suturarsu da bukkokinsu duk daga ɓaunar nan suke, suka wayi gari cikin yunwa, aka kora su zuwa keɓaɓɓun matsugunai.

Ba na cewa madubi ne ya yi wannan ta'asa, kwaɗayi da siyasa ne suka yi ta. Amma a nan ne duniya ta fara ganin abin da ke faruwa idan mai harbi ya yi nisan da dabba ba ta da sauran dabarar kare kanta. A 1887 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya haɗu da wasu abokansa mafarauta suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, suka riƙa yaɗa abin da za mu iya kira farautar adalci, wato a bar wa dabba damar tsira da idonta da kunnenta da hancinta.

JAMUSAWA DA LISSAFIN HASKE

Madubin da muka sani a yau, gajere mai haske, daga Jamus da Ostiriya ya fito. Kamfanin Kahles da aka kafa a babban birnin Ostiriya a 1898 da kamfanin Zeiss na garin Jena su ne kan gaba. A shekarun 1920 madubin Zeiss mai ninki 4, wanda suke kira Zielvier, ya zama abin kwatance. A 1935 kuma wani masani a kamfanin, Alexander Smakula, ya gano wani siririn shafi da ake yi wa gilashi ya hana haske tarwatsewa. Kafin nan kowane gilashi a cikin bututun sai ya ci nasa kason na haske, abin da ke isa ido kaɗan ne.

Me ya sa Jamusawa suka damu da haske haka? Saboda irin farautarsu. Mafaraucin Jamus yakan hau wani ɗan dandamali na katako a bakin daji ya zauna jiran barewa da almuru, ko aladen daji a farin wata. Su suka fi kowa riƙe wani ɗan lissafi mai sauƙi da ya kamata kowa ya sani. In ka raba faɗin gilashin gaba da ninkin jawowa, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke shiga idonka. Ƙofar ƙwayar idon saurayi tana buɗewa har kusan milimita 7 a cikin duhu, ta dattijo kuwa da ƙyar take wuce 5. Shi ya sa suka yi ta ƙera 6x42 da 8x56, don ko wanne ka raba 7 zai ba ka. Wato in kana son ƙarin ninki da almuru, dole ka biya da ƙaton gilashi mai nauyi da tsada. To yanzu ɗauki madubin jarumina mai ninki 50. Ko da gilashin gabansa ya kai milimita 56, abin da zai isa idonsa ɗan sama da milimita 1 ne. Da magariba, a cikin kurmi! Baba tsohon soja ma ya yi mini da sauƙi.

Su dai Jamusawan nan suna da wata farautar ta daban a lokacin sanyi, mai kama da farautar gayya ta ƙasar Hausa, inda masu kora da karnuka ke tayar da dabbobi su biyo ta gaban maharba a guje. A ranar irin wannan farauta ba mai fitowa da 8x56. Ƙaramin madubi suke ɗaurawa mai tashi daga ninki 1 zuwa 4, su buɗe ido biyu. Dalili shi ne fili. Madubi mai ninki 1 yana nuna maka faɗin da ya haura mita 30 a nisan mita 100. Mai ninki 4 yana nuna kimanin mita 10. Mai ninki 9 kuwa ɗan sama da mita 4. In dabba ta ɓullo maka a mita 20 kana kan ninki 9, abin da kake gani bai kai faɗin mita ɗaya ba, gashi kawai za ka gani ya gifta. Mutum ɗaya, daji ɗaya, amma madubi biyu, domin dabbar da lokacin su ke zaɓa masa.

WAƊANDA BA SU YI AMFANI DA SHI BA

A daidai zamanin da ake wannan ƙere-ƙere a Turai, mashahuran mafarautan Turawa a Afirka da Indiya ba su cika damuwa da madubi ba. Walter Bell, wanda aka yi wa laƙabi da Karamojo saboda yankin Karamoja na Yuganda inda ya yi farauta a farkon shekarun 1900, ya kashe giwaye sama da 1,000 don haurensu, wanda wannan ma wata ɓarna ce mai zaman kanta. Yawancinsu da ƙaramar bindiga da ƙarfen saiti ya kashe su, yana matsowa gab da su. Jim Corbett na Indiya, wanda a 1907 ya kashe damisar nan mai ratsi-ratsi ta Champawat da aka ce ta ci mutum sama da 400, shi ma da ƙarfen saiti ya yi yawancin aikinsa. Da zai kashe damisar Rudraprayag a 1926, da dare, tocila ya ɗaura a jikin bindigar. Har yanzu masu bin ɓauna a dazuzzukan gabashi da kudancin Afirka ba sa wuce ɗan ƙaramin ninki, don ɓaunar da ta taso maka daga cikin sarƙaƙiya ba za ta jira ka nemo ta a cikin gilashi ba.

Wannan ya tuna mini da namu maharban. Bahaushe mai baka da kibiya, ko mai adaka, ba shi da gilashin da zai jawo masa gwanki, saboda haka shi yake kai kansa. Sanɗa ita ce jarinsa: sanin inda iska ta dosa, sanin sawu, da haƙurin jan ciki. Har kan burtu yakan ɗaura a goshi ya duƙa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun, dabbobi na kallonsa ba su tsorata ba, har ya kai inda yake so. Matsalar da Bature ya nemi warwarewa da gilashi, wato tazara, ita ce maharbinmu ya warware da gwiwa da gwiwar hannu.

ZAMANIN NINKI 4

Har zuwa 1930 madubin saiti kayan masu hali ne. A wannan shekara wani Ba'amurke Bill Weaver ya fito da ɗan ƙaramin madubi mai ninki kusan 3 a kan dala 19, daga baya ya kafa masana'antarsa a El Paso ta jihar Tekzas. Nan ne talaka ya fara ɗaura gilashi a bindigarsa.

Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, ya zama babban gwaji, kuma lambobinsa za su ba ka mamaki. Madubin da Rasha ta fi raba wa gwanayen harbinta ninki 3.5 ne. Na sojan Ingila ma kusan haka. Na sojan ƙasan Amurka bai kai ninki 3 ba. Na Jamus galibi ninki 4 ne. Sojan ruwan Amurka masu sauka tudu ne suka yi amfani da mai ninki 8. Kai, akwai ma wani manomi mafarauci ɗan ƙasar Finlan, Simo Häyhä, wanda ya yi suna a yaƙinsu da Rasha a hunturun 1939 zuwa 1940, shi ƙin madubin ya yi sam. Hujjarsa ita ce madubi na sa mutum ya ɗaga kai sama, gilashi na yin raɓa a cikin sanyi, kuma yana ƙyalli ya tona asirin mai shi.

Wannan raɓa ta daɗe tana ci wa mafarauta tuwo a ƙwarya. Kamfanin Leupold na jihar Oregon yana ba da labarin cewa ɗaya daga cikin masu shi, Marcus Leupold, ya taɓa rasa barewa saboda madubinsa ya yi hazo ta ciki, ya rantse sai ya ƙera wanda ya fi shi. Sun fito da nasu na farko a 1947, ba da jimawa ba kuma suka soma zuƙe iskar cikin bututun suna cika shi da iskar naitirojin wadda ba ta ɗauke da laima. A 1962 suka kawo gicciyen layi mai kauri ta gefe, siriri a tsakiya, wanda ke jan ido zuwa tsakiya ko da haske ya yi ƙasa. Lura da kyau, duk waɗannan gyare-gyare da suka canja farauta ba wanda ya shafi ƙarin ninki.

Bayan yaƙi, madubin Weaver mai suna K4, ninki 4 cak ba ya murɗuwa, ya zama ruwan dare. Shahararren marubucin farauta Jack O'Connor, wanda ya shafe sama da shekara 30 yana rubutu a mujallar Outdoor Life kafin rasuwarsa a 1978, ya yi ta nanata wa masu karatunsa cewa ninki 4 ya wadatar da mai farautar manyan dabbobi. Kuma ba mutumin kurmi ba ne, ragunan duwatsu yake bi a kan tsaunuka inda ake harbi daga nesa.

Masu murɗawa sun daɗe da samuwa, amma mafarauta ba su amince da su ba da farko, domin a na farkon in ka murɗa ninki sai saitin ya goce, ga raɓa na shiga ta wurin murɗin. Sai a shekarun 1960 da aka gyara waɗannan, 3-9x40 ya karɓe kasuwa, har yau kuma yana cikin waɗanda aka fi saya. Ƙa'idar da tsofaffin hannu ke koya wa yara game da shi guda ce: ka yi tafiya da shi a kan mafi ƙanƙantar ninki. Dabbar da ke nesa za ta ba ka lokacin murɗawa sama, wadda ta tashi a gabanka ba za ta ba ka lokacin murɗawa ƙasa ba.

INDA AKA KWANA

A yau an koma gidan jiya, wato zamanin Malcolm, sai dai da gilashi mai kyau. Akwai madubai irin 5-25x56, ga na'urar auna nisa da hasken leza, ga manhajar waya mai lissafa faɗuwar harsashi. Ana ta yaɗa hotunan bidiyo na masu harbin dabba daga wannan tsauni zuwa wancan. Amma abubuwan da suka dami mutanen da ba su gushe ba. Madubin da ya ninka dabba sau 25, ya ninka rawar hannunka da bugun zuciyarka sau 25, ya ninka ƙawalwalniyar da ke tashi daga ƙasa da rana. Kuma bai ƙara wa harsashi komai ba. Harsashin farauta kafin ya kai mita 500 yana cin sama da rabin sakan, ya yi ƙasa da fiye da mita ɗaya, iska kuma na tura shi gefe. A cikin rabin sakan dabba na iya ɗaga ƙafa ta yi taku guda, harsashin da aka nufi ƙirji da shi ya sauka a tumbi. Sai ta shige daji ta kwana biyu tana jan hanji kafin ta mutu, mai harbin kuwa ko inda ta tsaya ba zai iya ganewa ba in ya isa wurin. Ƙungiyar nan da Roosevelt ya kafa ta fito fili ta ja kunnen 'ya'yanta a kan wannan ɗabi'a, tana tunatar da su cewa matsowa kusa da dabba shi ne zuciyar farauta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tsanani, wato ran ɗan Adam. Wanda ya cika ninki ba ya ganin abin da ke gefen dabbar ko bayanta, ko da abokin tafiyarsa ne, ko makiyayi. Wani kuma sai ya ga motsi can nesa ya ɗaga bindiga don ya duba ko mene ne, ya manta cewa duk abin da ya leƙa da madubin saiti, to ya auna shi da bindiga ke nan. Shi ya sa masu koyar da farauta ke cewa a duba da tabarau na hannu, kada a ɗaga bindiga sai an tabbatar. Shi ya sa kuma jihohi da yawa a Amurka suka wajabta wa masu farautar barewa sa riga mai ruwan lemo mai ɗaukar ido.

In aka tattara abin da shekarun nan 400 suka koyar, zaɓin ba shi da wuya. Mai shiga kurmi ko bin dabba mai haɗari, ninki 1 zuwa 4. Mai yawo a saura da daji mai ɗan sarari, ninki 4 ko 6, ko 3-9 da aka bari a ƙasa. Mai zaman jira da almuru, ya raba gilashi da ninki ya ga ko hasken zai ishe shi. Babban ninki kuwa na mai kwanciya ne da matokari, yana harbin allo ko ƙananan dabbobi masu ɓarna a fili fetal. Sama da duka, iyakar mafarauci ita ce nisan da ya tabbatar hannunsa na iya kaiwa kowane lokaci, ko da idonsa na hango abin da ya ninka haka. Gani ba ci ba ne, in ji masu iya magana, da kare bai kwana da yunwa ba.

Ni dai da aka zo sake buga littafin nan, na zauna na gyara babin. Na ƙwace madubi mai ninki 50 na ba jarumin mai ninki 4, na sa shi ya cire takalmi ya yi jan ciki cikin ƙaya da tsidau, iska ta juya barewa ta ji warinsa ta tsere, ya koma gida hannu rabbana budurwarsa na yi masa dariya. Abin mamaki, masu karatu sun fi son wannan babin a kan na farko. Na kai wa Baba tsohon soja kwafi guda har gida, ya sa jikarsa ta karanta masa, ya gyaɗa kai ya ce, "To yanzu ka yi magana. Saura kuma babin da ka sa mutum ya yi harbi 20 bai sake ɗura harsashi ba."

'Yan'uwana marubuta, mu riƙa tambaya kafin mu rubuta, don a cikin masu karatunmu akwai waɗanda suka fi mu sanin abin da muke faɗa.